Fim Ɗin Mai Jar Lema

Ranar da likita ya rufe fayil ya ce, "Ku tafi da shi gida, duk abin da ransa ke so ku ba shi," Auta ba ta yi kuka ba, amma ta gane zancen sarai. Likita ba ya cewa a ba mai ciwon zuciya duk abin da yake so sai in ya ga babu sauran abin da za a hana.

Da suka isa gida ta kwantar da Baba, ta jera masa filo uku a baya don numfashi, ta zauna a bakin gado.

"To Baba, an ba ka 'yanci. Me kake so?"

Ta zaci zai ce nama mai gishiri, wanda aka hana shi shekara uku. Sai ya dubi bango ya ce, "Mai jar lema."

Auta ta san abin da yake nufi, ta kuma san ba a kasuwa ake sayo shi ba.

Shekara ashirin da shida Baba ya yi yana haska fim a wani gidan sinima da yanzu ya koma wurin sayar da tayil. Sunansa na yanka ma ya ɓace, kowa Afareta yake ce masa. Aikin ya shiga jikinsa har ya biyo shi gida. In an gama cin abinci sai ya tafa hannu ya ce, "An tashi!" In baƙo ya daɗe da surutu ya tafi, "An tashi!" Haka yake faɗa a sinima in fim ya ƙare ya kunna fitilun zaure, haka kuma yake rufe kowace hira a gidansa.

A cikin dubban fina-finan da ya haska, guda ɗaya yake ba 'ya'yansa labari, har suka haddace. Wai wata rana aka kawo gwangwanaye biyar, kowanne da naɗin fim a ciki, rubutun jikinsu duk na Sinanci ne, kalma ɗaya kawai ake iya karantawa: Taiwan. Manaja ko buɗewa bai yi ba ya sa aka rubuta a allon ƙofa, KUNFU YAU. Zaure ya cika maƙil. Aka kashe fitila, aka yi minti goma ba wanda ya mari wani. Minti ashirin, wani mai gyaran keke yana cin shinkafa da matarsa, ruwan sama yana zuba. Jama'a suka fara fito, suka fara jifan allo da ɓawon gyaɗa, suka watse suna zagin uwar manaja. Mutum biyu suka rage: wani tsoho da ya zo barci, da wata budurwa a layi na huɗu. A fim ɗin matar ta kamu da ciwo, ta hau jirgin ƙasa zuwa asibitin birni, mijin kullum yana tasha yana jira. Can ƙarshe jirgi ya tsaya, ta sauko da jar lemarta, ya karɓar mata jaka suka nufi gida. Budurwar layi na huɗu kuwa ita ce Inna, mahaifiyar Auta.

Shekara sha ɗaya ke nan da Inna ta tafi asibiti da ƙafarta ba ta dawo ba. Takalman da take sawa a tsakar gida suna nan a bakin ƙofar ɗaki har yau. In Auta tana shara sai dai ta zagaye su, don ranar da ta taɓa ɗagawa Baba ya yi mata tsawar da bai taɓa yi mata ba.

Fim babu suna, babu shekara, babu sunan ko ɗan wasa ɗaya. Allura cikin ruwa ke nan, mai rabo ka samu. Auta ta ce, "Zan nemo maka, Baba," don me za ta ce?

A shagon buga takardu take aiki, ita da kwamfuta da injin kwafi mai cin takarda in ya ga dama. Duk lokacin da babu kwastoma sai ta shiga nema. Ashe mutanen Taiwan ba su yi wa fim da wasa ba! Wannan shafi ya ce ga guda ashirin da ya kamata ka kalla, wancan ya ce ƙarya ne, ga hamsin. Ga na takobi, ga na fatalwa, ga na 'yan makaranta masu soyayya a kan keke, ga kuma wasu da masana ke yabo kamar bakinsu zai tsage. Ta rubuta sunaye a bayan takardun da injin ya ɓata, ta kai wa mai tura fina-finai na bakin titi, wani ƙaton mutum mai tabo a gira da ake kira Bos.

Bos ya duba takardar ya dube ta. "'Yar'uwa, wa ya ɓata miki rai? Waɗannan na ƙasa ai maganin barci ne. Mutum zai zauna yana kallon taga minti biyar, kyamara ko motsi. Ki bari in zuba miki na duka, wanda za a karya teburi."

Ta gaya masa dalili. Ya jawo kujera da ƙafa ya ce ta zauna. Tun daga ranar kullum sai ya kira ta: ya samo uku, ya samo biyar.

To, ga inda Auta ta yi wa kanta. Lokaci ba ya hannunta, ga aiki ga jinya, ga fina-finai sun haura arba'in, wani ma awa uku. Sai ta yi dabara. Tunda ta san ƙarshen labarin, me zai sa ta kalli farko? Kowanne ta buɗe sai ta ja shi can minti goman ƙarshe. In ba ta ga mace ta sauko da jar lema ba, ta soke sunan da biro. Jirgin ƙasa kuwa ta gan shi har ya ishe ta, sai ka ce mutanen nan ba su da wata hanyar tafiya. Ta ga an rabu a tasha, ta ga an yi kuka a tasha, ta ga wani yana tsaye shi kaɗai ruwa na dukansa. Lema dai babu.

Don kada Baba ya zauna shiru, da la'asar takan kunna masa na faɗan a talabijin. Kwanakin farko har ya ɗan farfaɗo. Jarumi zai yi tsalle daga ƙasa ya dira kan rufin masauki, Baba ya ce, "Igiya ce. Dubi yadda rigarsa ta tattare a baya." Wata mai takobi za ta bi ta kan itatuwan gora kamar tsuntsuwa, ya ce, "Irin wannan na haska sau tara, a rana ta tara sai da aka karya mana ƙofa." In bos ɗin fim ya yi dariya, shi ma ya yi, har tari ya sarƙe shi. Amma da an gama sai ya juyo.

"Ba shi ba ne."

"Na sani, Baba. Ina kan nema."

Daga baya ya daina gyara wa jarumai tsalle. Ƙafafunsa suka kumbura, filo uku suka koma huɗu, cokali biyar ya koma biyu. Ran kwana na goma ya ce mata a hankali, "In bai samu ba ki bar shi, Auta. Kin gaji." Wannan magana ta fi zagi ciwo. Ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta.

Ran kwana na sha biyu wani malamin makaranta ya kawo mata kwafin jarrabawa shafi ɗari uku. Garin sauri ta danna wani fim da ta soke tun kwana na uku, ya kama yi shi kaɗai ba murya. Injin ya ci takarda, ta buɗe cikinsa tana ja tana tsaki, ta gyara, ya sake ci. Ta ɗago don ta share gumi, idonta ya faɗa kan kwamfuta.

Jirgi ya tsaya. Wata mace mai dogon kitso ɗaya har gadon baya ta sauko, ta buɗe jar lema. Wani siririn mutum mai baƙin mai a hannu ya goge hannun a wando, ya karɓi jakarta.

Auta ta dubi ƙasan allo. Minti na talatin da ɗaya.

"Malama, takarduna fa?" in ji malamin.

Ba ta san yadda ta sallame shi ba. Ta ja ƙofar shago ta kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe. Saukowar nan ashe daga ganin gida matar ta dawo, tun tana da lafiya. Ciwon daga baya ya zo. Kafin ta tafi asibiti ta zauna a kan kujera mijin ya aske mata gashin da hannunsa, ta hau jirgi da ɗan kwali. Ƙarshen kuwa shi ne wanda Auta ta gani ta soke: mutumin nan tsaye a tasha, ruwa na dukansa, jirgi ya zo ya wuce. Kwana tara fim ɗin yana hannunta. Kwana tara daga cikin kwanakin Baba, ta zubar da su da biro. Rashin sani ya fi dare duhu.

Daga shago ba ta wuce gida ba, ta biya wajen Goggo, ƙanwar Baba, wadda ita ce mai sayar da tikiti a sinimar a wancan zamani. Ta same ta tana tsince wake a faranti.

"Goggo, na samo fim ɗin. Amma Baba ya yi kuskure. Bai iya karanta gwangwanayen ba, ya sa naɗi na biyu a ƙarshe. Matar ba ta dawowa."

Goggo ta ajiye faranti. "Wa? Afareta ne zai yi kuskuren naɗi? Mutumin da ko an ɗaure masa ido zai zura fim a majigi? Ke yarinya ce."

Goggo ta ce ai dokarsa ce, duk fim ɗin da aka kawo sai ya gwada shi da safe shi kaɗai. Ya san abin da ke ciki tun kafin a buɗe ƙofa, ya gaya wa manaja babu duka, manaja ya ce tikiti dai a sayar. Shi kuwa ya daɗe yana hango budurwar nan ta ɗan ramin da haske ke fita, duk Asabar layi na huɗu, ya kuma ji a bakin Goggo cewa ba ta daɗe da rasa mahaifiyarta a asibiti ba. Da ya ga ta yanki tikiti sai ya ture gwangwani na biyu gefe. Daga na ɗaya ya tsallaka na uku. Rubutun ƙarshe da ke jikin na biyar ya datse shi da almakashi, ya ɗora na biyu a bayansa.

"Inna ba ta gane ba?"

Goggo ta yi dariya har da hawaye. "Uwarki fa mai kitso ce! Ana kunna fitila ta hau matakalar ɗakin majigi, ina biye da ita ina cewa ba a shiga. Ta tura ƙofa ta ce, 'Malam Afareta, gashin da aka aske ba ya tsirowa har gadon baya cikin minti ɗaya.' Yayana ya yi tsuru-tsuru kamar an kama shi da hannu a tukunya. Ya ce, 'Ban so ki fita da kuka ba ne.' Ta ce, 'Ai na yi kukan duk da haka. Amma na gode.' Wata bakwai aka ɗaura aure."

Sai Auta ta tuna. Duk lokacin da Baba ya kawo wurin saukowa da lema, Inna takan sunkuyar da kai kan kitson da take yi, tana murmushi, ba ta taɓa cewa uffan ba.

"To yanzu wanne zan nuna masa, Goggo?"

"Wanda ya nema. Nasa."

Washegari ta je wajen Bos. Ya ce yankawa ba wuya, amma a ina? Auta ta sani. Tun tana ƙarama Baba ya koya mata: in naɗi ya kusa ƙarewa, wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa a kusurwar dama ta sama, na farko ka shirya, na biyu ka juya zuwa naɗi na gaba. Kwafin tsoho ne, ɗigon yana nan. Suka zauna suna farautarsa, ƙaton mutum da tabonsa ya manna hanci a allo yana cewa, "Ga shi! Wallahi ga shi!" Suka yanka fim ɗin gida biyar, suka jera: ɗaya, uku, huɗu, biyar, biyu. Da ta tashi tafiya ya ciro wata 'yar majigi daga ƙarƙashin teburi ya sa mata a jaka.

"Afareta ba ya kallo a talabijin," in ji shi. "Ki gaishe shi. Ki ce wani da ya sha tsallaka katangarsa yana neman gafara."

Bayan azahar ta rufe tagogi da barguna, ta sauke kalanda daga bango, ta ɗora majigin a kan kwali. Goggo ta ja kujera bakin ƙofa ta miƙa hannu. "Tikiti, Alhaji. Ba a shiga kyauta." Baba ya yi murmushi, ya taɓa tafinta da yatsu biyu.

Haske ya faɗa kan bango. Ruwan sama, shagon keke, kwanon shinkafa biyu. Numfashin Baba ya canja, Auta ta ji. Ita ba fim take kallo ba, shi take kallo. Da ɗigon farko ya ƙifta, hannunsa na dama ya ɗaga daga kan bargo shi kaɗai. Da na biyu ya ƙifta, yatsun suka murɗa wani abu da babu shi a iska, hannun ya koma. Haka ya yi a kowane naɗi, bai kuskure ko ɗaya ba.

Aka aske gashi. Jirgi ya tafi. Mutumin ya tsaya a ruwa. Ɗigo, ɗigo, sai ga jirgi ya tsaya da rana tsaka, ga jar lema, ga kitso har gadon baya. Suka bi hanya su biyu, shi da jaka, ita tana karkato masa lemar. Bango ya yi fari.

Fankar majigi na ta ƙara. Can Baba ya fara dariya, wata 'yar dariya mara ƙarfi da ta ƙare da tari. Auta ta ba shi ruwa.

"Wa ya gaya miki?" Ya harari bakin ƙofa, inda Goggo take zaune. "Ke dai bakinki bai taɓa riƙe komai ba."

"Shekara arba'in da huɗu na riƙe," in ji Goggo. "Sai ka biya ni ladan riƙo ma."

Ya kamo hannun Auta. "Aikinki ya yi kyau. Ko ɗinkin ba a gani. Da Innarku na nan dai da ta kama ki." Ya huta, ya jawo numfashi. "Yanzu sa min shi daidai."

"Baba…"

"Na biyar kawai. Kada ki ɗora komai a bayansa."

"Baba, ba ta dawowa." Kukan da take dannewa ya ƙwace.

"Na sani, Auta. Ni na fara ganinsa, da safe, ni kaɗai a zaure." Idonsa ya tafi bakin ƙofa, ƙasa, inda takalman suke. "Shekara sha ɗaya ina zaune ina jira a sa min naɗi na biyu. Na san babu mai sawa. Na gaji da tsayuwa a tashar nan."

Auta ta nemo na asalin, ta ja shi zuwa ɗigon ƙarshe. Mutumin ya fito daga shago bai ɗauki ko hula ba. Ya tsaya a tasha. Jirgi ya zo, mutane suka sauko, ɗaya bayan ɗaya, kyamara ba ta motsa ba, shi ma bai motsa ba. Ƙofofi suka rufe. Jirgin ya tafi har ƙararsa ta ɓace, ya bar ruwa yana zuba. Sai ga abin da almakashi ya datse tun kafin a haifi Auta: mutumin ya share fuska da hannun riga, ya juya, ya kama hanyar gida, rubutu yana hawa a kansa.

Baba ya kalla har harafin ƙarshe, hawaye na gangarowa cikin kunnensa bai share ba. Ba ɗigon da ya ƙifta, hannunsa bai ɗaga ba.

"Goggonki ta ɗauki takalman nan," ya ce. "Ƙafarsu ɗaya."

Goggo ta toshe baki da gefen mayafi. Ta sunkuya ta ɗauka ta rungume su a ƙirji.

Baba ya ɗaga tafukansa zai tafa, ƙarfin bai kai ba, suka haɗu kawai ba ƙara.

"Kunna fitila, Auta," ya ce. "An tashi."

Kwana biyu ya ƙara. Da safe ya cika, tana jiƙa masa leɓe da auduga. Bayan an watse daga zaman makoki ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗakin, ta share ƙarƙashin gado, ta share gindin taga. Da ta zo bakin ƙofa sai ta ga hannunta ya zagaye wurin da kansa, alhali babu komai a nan. Ta tsaya ta daɗe. Sannan ta dawo da tsintsiyar ta share wurin.